Mutuwar da Aka Ɓoye Mana: Tarihin Voltron daga Tokiyo zuwa Kakuri

Duk wanda ya saba da cacar baki a shafukan sada zumunta na Najeriya ya san kalmar "Voltron". Idan aka soki wani gwamna ko wani mawaƙi, sai wani ya yi wuf ya shiga faɗan da ba nasa ba yana kare shi, nan take za ka ji an ce ga Voltron ya iso. Da yawa daga cikin matasan da ke amfani da kalmar ba su taɓa ganin abin da ya haife ta ba. Sunan wani katun ne da gidajen talabijin na ƙasar nan suka riƙa nunawa da yamma tun daga shekarun 1980 har cikin na 1990, labarin zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙaton mayaƙi guda mai kare duniya.

Waɗanda suka kalle shi a lokacin ma, akasarinsu sun ɗauka kayan Amurka ne, tunda da Turancin Amurka ya zo. Alhali a Jafan aka zana shi, da wani suna, kuma labarin da Jafanawa suka rubuta ya sha bamban da wanda ya iso kunnenmu. Hotunan ɗaya ne, amma abin da bakunan ke faɗa daban. Kashi na shida na shirin ya fi kowanne bayyana wannan tazara, domin a cikinsa ne mutum ya mutu a Jafananci, ya kuma rayu a Turanci.

Zakuna biyar a Tokiyo

A watan Maris na 1981 kamfanin Toei ya fara nuna wani shiri mai suna *Hyakujū-Ō GoLion* a talabijin ɗin Tokiyo. Ma'anar sunan ita ce sarkin namun dawa, "go" kuwa biyar ke nan a Jafananci. An yi kashi 52, aka kammala a Fabrairun 1982.

Labarin ya fara ne a shekarar 1999. Wasu matasa biyar matuƙa kumbo sun dawo daga sararin samaniya, suka tarar yaƙin duniya na uku ya ƙone ƙasa da makaman nukiliya. Ba su gama juyayi ba sai daular Galra ta kama su ta mai da su bayi. Suka tsere, suka faɗa wata duniya mai suna Altea, inda Gimbiya Fala, wadda Galra ta kashe iyayenta, ta damƙa musu zakunan.

Wannan mafari yana da tushe a tarihin masu shi. A 1981 shekara 36 kacal aka yi da jefa bama-bamai a Hiroshima da Nagasaki. Waɗanda suka tsira suna nan da ransu, kuma manyan da ke harkar zane a lokacin sun tashi ne a cikin yaƙin ko a kangon da ya bari. Ita ma shekarar 1999 ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Tun 1973 wani littafi a kan hasashen Nostradamus ya karaɗe Jafan yana cewa a wannan shekara duniya za ta tashi. Yaron Tokiyo da aka nuna wa birni ya zama toka ya san abin da ake nufi, domin kakarsa ta ga irinsa da idonta.

Hatta sunayen jaruman suna ɗauke da ma'ana. Kowannensu sunan ma'adini ne: Kogane zinariya, Shirogane azurfa, Seidou tagulla, Suzuishi dutsen kuza irin wanda aka haƙa a Jos, Kurogane kuwa baƙin ƙarfe, daidai yadda Bahaushe ke faɗa, kalma da kalma.

Almakashi a St. Louis

Kamfanin da ya sayi shirin, World Events Productions, yana birnin St. Louis ne a jihar Missouri, ƙarƙashin Ted Koplar, tare da Peter Keefe a matsayin jagoran aikin. Lokacin ya dace da su. Gwamnatin Ronald Reagan ta sassauta dokokin talabijin, har ya zama ana iya yin shirin yara musamman don a sayar da kayan wasa. Sai dai kasuwar tana da nata sharuɗɗan. Ƙungiyoyin iyaye suna sa ido, kuma ƙananan tashoshin da za su sayi shirin ba sa son jini ko gawa a lokacin da yara suka dawo daga makaranta.

Sun gaji hanyar da za su bi. Tun 1963 aka mai da *Tetsuwan Atomu* na Osamu Tezuka ya zama *Astro Boy*. A 1978 kuma aka ɗauki *Gatchaman* mai kashi 105 aka rage shi zuwa 85, aka sa masa suna *Battle of the Planets*, aka ƙirƙiro wani ɗan mutum-mutumi da babu shi a asali, aikinsa shi ne ya riƙa tabbatar wa yara cewa an kwashe mutanen birnin kafin a rusa shi.

Haka aka yi wa GoLion. An fara nuna shi a Amurka ranar 10 ga Satumba, 1984, da sunan *Voltron: Defender of the Universe*. Aka cire yaƙin nukiliya gaba ɗaya, aka ce duniyarmu lafiya lau take, wata rundunar haɗin gwiwa ce ta tura matasan aiki. Da yake babu hoton wannan runduna a GoLion, sai aka yanko shi daga wani shirin Toei daban mai suna *Dairugger XV* aka liƙa. Sojojin abokan gaba da ake kashewa aka ce na'urori ne. Aka zubar da sunayen ma'adinai, aka kawo Keith da Lance da Hunk da Pidge da Sven. Aka sauya kiɗan ma.

Akwai wani canji da ya fi waɗannan zurfi, ko da yake bai ɗauki minti biyu ba. A GoLion, mayaƙin ƙarfen shi ya jawo wa kansa. Ƙarfinsa ya ruɗe shi, girman kai ya kai shi ga ƙalubalantar wata allahiya ta sararin samaniya, ita kuma ta tsaga shi gida biyar don ya koyi tawali'u. A Voltron an ce matsafiya Haggar ce ta yi shigar allahiyar ta yaudare shi. Darasin farko yana cewa mai ƙarfi ya ji tsoron zuciyarsa. Na biyun ya wanke jarumi tas, ya ɗora laifin duka a kan maƙiyi na waje.

Kashi na shida

Ga abin da ido ke gani a nau'o'in biyu. Matsafiyar ta turo kyanwarta ta ja hankalin ɗaya daga cikin matasan, shi kuma ya bi ta har ya faɗa tarko. Abokinsa mai tuƙa shuɗin zaki, wanda ya fi su natsuwa da ƙarancin magana, ya zo ya kuɓutar da shi, ya ce ya je ya kira sauran, shi ya tsaya da takobinsa. Matsafiyar ta rarraba kanta ta zama siffofi da yawa. Kyanwar ta far masa, wani dodo ya sare shi. Kafin 'yan'uwansa su iso ya riga ya faɗi. Shugabansu ya tallafo kansa, suka yi 'yar magana.

A Jafananci sunan wannan saurayi Takashi Shirogane, kuma taken kashin kansa ya sanar da mutuwarsa tun kafin a fara. Maganar da ya yi a hannun abokinsa ita ce ta ƙarshe. Ya cika, suka yi kuka, suka binne shi a ƙasar da ba tasa ba. Kashi 46 suka rage, kuma bai dawo ba.

A Turanci sunansa Sven, an ba shi karin harshe irin na mutanen arewacin Turai, an kuma sa wa kashin suna *The Right Arm of Voltron*, wato hannun daman Voltron. An datse wuraren da jini ya fito da abin da ya nuna jana'iza. A kan hoton mutumin da ke gargarar mutuwa aka ɗora muryoyi masu cewa ya ji mummunan rauni, za a kai shi wata duniya mai suna Ebb inda akwai likitoci.

Wanda ya kalli nau'o'in biyu a jere zai lura da wani abu da almakashi ya kasa cirewa. Masu zanen sun zana fuskokin mutanen da aka yi wa rasuwa. Idanu sun kaɗa, kafaɗu sun zube, shirun ya yi tsawo fiye da na masu jinya. Murya tana cewa zai warke, fuska tana cewa ya tafi. Yaro ba ya buƙatar Jafananci kafin ya ji cewa akwai abin da bai daidaita ba, ko da ba zai iya faɗin mene ne ba.

Canjin ya taɓa abin da ya biyo baya. A nau'o'in biyu gimbiya ce ta karɓi shuɗin zaki. A GoLion ta hau kujerar mamaci ne, tana sane da cewa kujerar na iya cin ta ita ma, shi ya sa tsoron da fadawanta suka nuna yake da nauyi. A Voltron riƙon ƙwarya take yi wa wanda ya tafi asibiti, sai hana ta da ake yi ya koma kamar tsegumin tsofaffi masu ganin mace ba ta dace da fagen fama ba. Kalmomi kaɗan aka sauya, amma farashin jarumtarta ya faɗi.

Ramin ƙarya

Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mutanen St. Louis sun ga haka. Can gaba a cikin GoLion sai ga wani saurayi mai kama da marigayin sak ya bayyana a cikin bayin Galra. Ƙanensa ne, Ryou Shirogane, wanda ke neman fansar jinin yayansa. Wannan ya zo wa masu Turanci a daidai. Suka ce ai Sven ne, maƙiya sun kai hari inda yake jinya sun kama shi. Aka narkar da wa da ƙane suka zama mutum guda.

Sai dai shi ma ƙanen mutuwa ya yi. A ƙarshen shirin ya rungumi Yarima Sincline, wanda muka sani da Lotor, suka faɗo tare daga sama suka hallaka. Dole aka sake ceto Sven a karo na biyu, aka ceci yariman tare da shi. Uwar goyon gimbiya, wadda aka kashe a GoLion, ita ma ta rayu. Sarkin maƙiya da matsafiyarsa, waɗanda suka mutu a asali, duk suka rayu. Gida guda ya rasa 'ya'ya biyu a Jafananci, a Turanci kuwa ba a haƙa kabari ko ɗaya ba.

Akwai dalilin kasuwa a nan bayan na tausayin yara. Wanda ya mutu ba ya dawowa a zango na gaba, kuma ba a cika sayen ɗan tsanarsa ba. Da shirin ya karɓu, kamfanin ya biya Toei ta zana sababbin kashi 20 waɗanda babu su a Jafan, kuma ana buƙatar miyagun da ransu kafin a ci gaba.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. GoLion bai yi wani tashe na a zo a gani a ƙasarsa ba. Voltron ne ya zagaya duniya. Da an bar jinin da kaburburan, da wuya wata tasha a Amurka ta saya, kuma da bai ratsa ta Amurka ba, da wuya ya iso Najeriya. Almakashin da ya rage labarin shi ne ya ba shi takardar tafiya.

Kudancin kogi

Talabijin ya fara aiki a Kaduna a 1962, ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. Sayen tsohon shiri daga waje ya fi yin sabo araha nesa ba kusa ba, saboda haka sa'o'in yara suka cika da kayan da dillalan Ingila da Amurka ke tallatawa.

Kudancin kogin Kaduna a wancan zamani yankin ma'aikata ne. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, ciki har da UNTL da Arewa Textiles. Albashin masaƙa ne ya sayi akwatunan talabijin da yawa a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa. A gidan haya mai ɗakuna goma, akwati guda kan ishi yaran gidan da na maƙwabta, wasu a tabarma, wasu ta taga, kowa yana addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta kafin zakunan su haɗu.

Abin lura shi ne, ita Arewa Textiles da jarin kamfanonin saƙa na Jafan aka kafa ta a shekarun 1960. Ke nan kuɗin Jafan da ƙwarewarta sun iso Kakuri kai tsaye, amma labarinta sai da ya biya ta Missouri aka sauya masa riga. Mai yiwuwa ne uba ya wuni a masaƙar da Jafanawa suka kafa, ya dawo ya tarar da ɗansa yana kallon zanen Jafanawa, babu ɗayansu da ya san akwai dangantaka.

Fassarar ma ba ta tsaya a Turanci ba. Yaran waɗannan unguwanni, Bahaushe da Bajju da Gbagyi da Tibi da Ibo da Bayarabe, da Hausa da Turancin buroka suke wasa, kuma Turancin Amurka yana yi musu sauri. A kowane taro akan sami wani yaya ɗan sakandare da ke bayani, ya faɗi abin da ya ji, ya cike sauran da abin da ya ga dama. Labarin da aka rubuta a Tokiyo, aka sake rubutawa a St. Louis, a tsakar gida aka yi masa rubutu na uku.

Waɗannan yara ne suka ga Fabrairun 2000, sannan Nuwamban 2002. Bayan rikice-rikicen, iyalai da yawa suka tattara kayansu, Musulmi suka fi komawa arewacin kogi, Kiristoci suka fi komawa kudu. A cikin shekarun da suka biyo baya masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Taron da ke gaban akwati guda ya watse. Akwai waɗanda aka ce wa abokinsu ya koma garinsu, kuma gaskiya ne ya koma. Akwai waɗanda aka gaya wa haka, sai da suka girma suka gane cewa ba ƙaura ya yi ba. Babu wanda zai zargi uwar da ta zaɓi wannan amsa a irin wancan dare. Amma duk wanda aka yi wa haka ya san cewa gaskiyar da aka jinkirta tana nan tana jira, kuma takan same shi a lokacin da babu mai rarrashinsa.

Sakayawa da musantawa

Hausa tana da hanyoyi da yawa na tausasa maganar mutuwa. Mukan ce ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, ya kwanta dama, rai ya yi halinsa. Duk waɗannan sakayawa ne. Suna rage zafin kalmar, amma mai sauraro ya san za a yi wanka da sutura. Cewa an kai shi Ebb wajen likita musantawa ne. Tatsuniyoyin da kakanni ke yi wa yara da dare ma ba su san wannan tsoro ba: Dodo yana cinye mutane, kishiya tana hallaka 'yar kishiyarta, marainiya marainiya ce tun daga jimlar farko. Ta wannan fuska tatsuniyarmu ta fi kusa da GoLion fiye da Voltron.

Sauya wa labarin wasu riga kuwa, mu ma gwanayensa ne. A ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga *Dare Dubu da Ɗaya* da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya sa musu rawani da babbar riga a *Magana Jari Ce*, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su. A shekarun 2010 kuma masu ɗora murya irin su Algaita a Kano suka mai da finafinan Indiya suna magana da Hausar kan titi, da kirari da habaici da laƙabin da marubucin asali bai taɓa mafarkinsu ba. Abin da aka yi a St. Louis shi ake yi a ɗakunan ɗaukar murya na Kano: a rage nan, a ƙara can, a daidaita baƙon labari da abin da kasuwa da iyaye da masu tacewa za su lamunta.

Saboda haka ba a kan halaccin sauyi muhawarar take ba, domin babu fassarar da ba ta sauya komai. Abin tambaya shi ne wane irin abu aka sauya. Mai da Kogane ya zama Keith, ko ba wa jarumin Indiya sunan Hausa, ado ne. Cire fitsara daga shirin yara haƙƙin iyaye ne. Amma idan aka cire sakamakon aiki, aka nuna yaƙin da ba ya kashe kowa da girman kan da ba ya kayar da mai shi, an bar yaro da takobi da wuta da kiɗan nasara, an ɗauke masa abin da zai sa ya ji tsoronsu. Shirin da aka tace don kada ya koya wa yara tashin hankali ya ƙare yana nuna musu tashin hankali marar asara.

Sai a 2008 aka fitar da GoLion a faifai a Amurka da muryoyinsa na asali da fassara a rubuce a ƙasan allo, shekara 24 bayan fitowar Voltron. Da aka sake gina labarin don Netflix a 2016, sai aka mai da wa ɗaya daga cikin jaruman sunan Takashi Shirogane, wanda aka binne a 1981 aka kuma ɓoye kabarinsa. Yau yaro a Narayi ko Sabon Tasha yana iya kallon anime a wayar yayansa cikin Jafananci, ya kwatanta da na Turanci a zama ɗaya, abin da iyayensa ba su samu ba.

Kayan ɗora murya sun yi araha, kuma masu jin Hausa sun kai yawan da duk mai neman kasuwa zai waiwaye su. Aikin da aka yi wa finafinan Indiya zai kai ga shirye-shiryen yara, kuma waɗanda za su zauna gaban makirufo su ne tsaran da suka kalli Sven ta taga. Za su iso nasu kashi na shida, inda wani ya faɗi kuma fuskokin abokansa suka nuna ba zai tashi ba. Harshen yana da kalmar da ta dace da kunnen ɗan shekara bakwai, ita ce "ya rasu", kuma akwai addu'ar da ke bin bayanta wadda kowane yaro a Kaduna, kudu da arewa, ya riga ya ji a gidansu.